Kaset ɗin Malama Rifkatu a Kwalin Gagarawa

Ranakun aiki da yawa sun shuɗe mini, amma ban taɓa mantawa da Talatar da Malama Rifkatu ta shigo shagonmu na ɗaukar bidiyon biki a Gumel ba. Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jigawa ba. Ni ke riƙe kyamara, Alhaji Sabo ke da shago.

Bari in yi muku bayani, ku da kuka tarar da komai a waya. Kaset ɗin da aka ɗauki biki da shi uwa muke ce masa, daga shi ake kwafa wa masu biki nasu. Uwa kan yi shekara biyu a kan kanta, sai Alhaji ya goge ta a ɗauki wani bikin. Shi kuwa Alhaji ko zare ba ya yarwa. Ɗan kwalin da kaset ke zuwa a ciki, wanda muke kira riga, in ya tsufa sai mu ɓare shi mu juya, mu liƙe da ƙaro, mu rubuta sabon suna. Manyan kwalaye kuma ni nake kwaso su ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, na madara da na sabulu masu rubutun Faransanci. In kaset bai cika kwali ba, sai mu cusa rigunan da babu komai a ciki, don kada kaya su yi ta karo a mota.

Malama Rifkatu malamar firamare ce a Sule Tankarkar. Ta zo goye da 'yarta, ta gaida Alhaji, ta ce, "Ranka ya daɗe, ku kuka ɗauki bikinmu shekara uku ke nan. Maigidana ya rasu ina da cikin yarinyar nan. Kaset ɗinmu kuma ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya lalata shi. Ranar Asabar za mu koma gida Filato gaba ɗaya. So nake ta ji muryar ubanta."

Na tuna angon nan take, Malam Yohanna. Ɗan madubin da muke leƙawa a kyamarar lokacin fari da baƙi yake nunawa, shi ya sa har yau duk bikin da na ɗauka haka nake ganin sa a raina, kamar mafarki. Na gan shi tsaye a ƙofar coci, iska tana kaɗa mayafin amarya tana rufe masa fuska, yana ta dariya.

Alhaji ya buɗe littafin da yake jan layi a kan duk uwar da ya goge. Ba a ja wa sunansu layi ba. Muka birkice kanta, babu ita. Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Habu, in ban goge ba, kuma ba ta tashi sama ba, ina take?"

Na tuna wani kwalin madara da na haɗa cikin gaggawa a bara, na bikin wani mai sayar da hatsi a Gagarawa. Kaset bakwai ne a gurbin goma, na yi ta cusa riguna ba tare da na auna nauyinsu a hannu ba. Na faɗa masa gaskiya, cewa wataƙila uwar tana cikin ɗaya daga rigunan nan. Ya ce gobe da safe in kama hanya, kuma kada in dawo masa da labari.

Ƙarshen damina ne, gero ya fid da kai dama da hagu. Na yi ta gyangyaɗi a cikin motar haya, ina ganin amare suna wucewa a tsakanin kara, duk a fari da baƙi.

Mai hatsin ya tafi kasuwa, sai mahaifiyarsa na samu, Hajiya Tabawa. Ban gama bayani ba ta tafa hannu.

"Angon nan mai dariya? Ai yana nan, ɗan nan! Na ɗauka gyara kuka yi mana. Duk ranar da aka tayar da janareta sai na sa an kunna mini shi. Ban san waƙarsu ba, amma in ya yi dariya sai in ji ciwon ƙafata ya lafa. Yana lafiya dai ko?"

Na sunkuyar da kai, na faɗa mata ya rasu, ya bar 'yar da ba ta taɓa jin muryarsa ba. Ta yi salati. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da kaset ɗin. Ta cire shi daga rigarmu ta kwali tuntuni, ta naɗe shi a cikin ɗankwalinta, yana ƙamshin turaren wuta.

"Kai wa marainiyar," in ji ta. "Kada ka kwance. A haka za ka ba ta."

Ranar Juma'a da hantsi Malama ta dawo. Muka kunna mata a shago. Da angon ya bayyana yana ture mayafi yana dariya, yarinyar ta zame daga cinyar uwarta, ta je ta ɗora tafinta a kan gilashin talabijin, ita ma ta ƙyalƙyale. Dariyar iri ɗaya ce sak. Na fita waje don kada a ga hawayena.

Alhaji ya ce a yi kwafi biyu, ɗaya na Malama, ɗaya a mayar wa tsohuwa Gagarawa. Uwar kaset ɗin ma ya miƙa wa Malama a cikin ɗankwalin, shi da ba ya kyauta da ko murfin biro.

Daga ranar ya daina goge uwa, kwali kawai muke juyawa. Ni kuma na gane cewa a sana'armu ba ka san ranar da abin da ka ɗauka zai zama shi kaɗai ya rage wa wani ba. Shi ya sa har na bar aikin, ban sake cusa riga a kwali ba sai na ɗaga ta na ji nauyinta.