Rawar Cikin Ƙwayar Zarra

Tun da aka ƙirƙiro allo da alli, babu abin da ya jefa malaman makaranta cikin halaka kamar misali mai daɗi. Ni nawa ya same ni ne a Kaura Namoda, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ina koyar da kimiyya a wata sakandaren jeka-ka-dawo.

A jami'a, abin da na yi bincike a kai shi ne cibiyar ƙwayar zarra: yadda take juyi, da yadda, in juyin ya tsananta, takan miƙe ta yi siffar dabino. 'Yan ƙwayoyin da ke cikinta biyu-biyu suke tafiya, har gudu ya kai inda za su saki juna. Daga Banga har Shinkafi ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Ran nan ina cikin yi wa ɗalibai bayanin abin, da na ga aji na gyangyaɗi, sai na ce musu ai rawa ƙwayoyin suke yi, riƙe da juna. Aji ya farka.

Bayan kwana uku aka kira ni ofishin shugaban makaranta. Na tarar da iyaye huɗu, da wani dattijon malami mutumin Zurmi da suka ɗauko ya yanke magana. Takardar korata na kan tebur, sa hannu kawai ya rage.

"Malam," in ji dattijon, "an ce rawa kaka koya wa ɗiyanmu."

"Allah shi gafarta Malam, ba su ke rawar ba. Wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani."

"To wa ke musu kiɗi?"

"Babu kiɗi."

"Rawa ba kiɗi? Wagga ai farfaɗiya ce."

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Ɗaya daga cikin iyayen ya matso, ya ce shi abu guda ya kawo shi: biyu-biyun nan, namiji da mace ne?

Na ce ƙwayoyin iri biyu ne, kuma kowanne ɗan'uwansa yake riƙewa, ba ya kama na ɗaya ɓangaren.

"Kowa da jinsinai?" in ji dattijon.

"Kowa da jinsinsa."

"Tun yaushe?"

"Tun da Allah ya halicce su."

Ya juya ya dubi iyayen. "Kun ji. Mu sai bana muka raba wa maza da mata motar haya, su tun farkon duniya. Ku bar bawan Allah shi yi aikinai. Kai kuma, daga yau ka ce juyi."

Shugaban makaranta ya jefa takardar cikin durowa. Na fito ina jin na kare mutuncin ilimi a gaban jama'a.

Sai dai maganar ta sa shugaban ya buɗe manhaja, ya ga darasin ma ba ya ciki. Zangon da ya biyo aka ba ni darasin noma a aji ɗaya.