Matar da Take Huda Sabon Takalmi

Mahaukaciya suke ce mata a bakin tekun Necoclí, a ƙasar Colombia, kuma har yau idan na tuna bakunan da suka faɗi haka sai in ji zuciyata tana tafasa. Eufemia Palacios ba ta da hauka ko na sisin kwabo. Ni na san ta. Shekara ashirin muna jere, tana soya kifi ina sayar da shinkafa da kwakwa. Ni na riƙe 'yarta Yirlesa ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna komadre.

Mijinta Casimiro masunci ne. Kwalekwalensa ya kife kusa da gaɓa, inda ko ɗan koyo zai iya fita, amma yana sanye da dogon takalmin ruwa. Takalmin ya cika, ya ja shi ƙasa. Daga ranar ta ɗauki gaba da takalmin ruwa kamar mutum ne.

Sai ga baƙi sun cika garin: 'yan Venezuela, 'yan Haiti, 'yan Ecuador, kowa zai hau jirgin ruwa ya ƙetare zuwa bakin kurmin Darién, ya taka da ƙafa zuwa Panama. Wa ke ta kifi kuma? Duk gari ya koma sayar da tanti, leda da takalmin ruwa. Eufemia ma ta bi sahu, don ciki ba ya jira. Sai dai ita kurfotinta na gefe, da ƙusa a cikin garwashi. Kowane takalmi sai ta huda shi kafin ta sayar.

"Doña, sabo na ce ki ba ni!" in ji mai saye. Doña muke ce wa babbar mace don girmamawa.

"Sabo ne, ɗana. A kurmin nan ba taɓo ke kisa ba, kogi ne. Ruwan da ya shiga, ka bar masa ƙofar fita."

Nan Arnulfo, mai rumfar da ke jikin tata, zai washe baki. "Taho nan, amini! Ka ga nawa, ko iska ba ta shiga. Waccan rariya take sayarwa, ko taliya za ka tace?"

A yi dariya, a tafi wurinsa. Mutum ya baro ƙasarsa da 'yan kuɗinsa, ina zai yarda da kaya mai huji? Cikin goma da ƙyar biyu su saya a hannunta. Na ce, "Komadre, ki sayar musu yadda suke so mana." Ta harare ni, ta ci gaba da fifita wuta.

Yirlesa kitso take yi, shekararta ashirin da huɗu. Kullum kawunan masu tafiya ne a cinyarta, kullum kunnenta na shan labarin Amurka. Da ta furta wa uwar, gidan ya kama da wuta. Eufemia ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Yarinyar ta ci gaba da kitsonta, muka ɗauka magana ta mutu.

Wata Talata Eufemia ta tafi garin Turbo saro kaya. Da ta dawo da azahar, Arnulfo ne ya tare ta, yana sakace haƙori.

"Doña, ashe 'yar gidanki ma ta san kaya mai kyau. Takalmi lamba talatin da takwas ta ɗauka a wurina, ta bi jirgin safe."

Ya san uban yarinyar. Yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa. Da ya aiko ya faɗa mini, da na tare ta a bakin jirgi. Amma ya karɓi kuɗi ya sa mata a leda, har da yi mata fatan alheri. Tir da irin wannan mutum.

Eufemia ta kira wayar Yirlesa sau nawa, ban ƙirga ba. Tana shiga, ba a ɗauka. Yarinyar ta ɗauka roƙonta za a yi ta dawo. Sai uwar ta matse hawaye ta aika saƙon murya, ina tsaye.

"Yirlesa, ba zan ce ki dawo ba. Ki tafi, na yafe. Abu ɗaya: ki nemi wuƙa ki huda takalmin nan kafin kogin farko. Ki ji ni, 'yata. Ki huda shi."

Saƙon ya isa, ba a buɗe ba. Washegari sun shiga kurmi, inda babu sabis. Kwana goma Eufemia tana zaune da waya a tafin hannu, tana duban alamar da za ta nuna an saurara. A tsaunukan can kuwa ruwa ake shekawa, muna hango hadarin daga rumfunanmu.

Rana ta goma sha ɗaya da hantsi ta kurma ihu. "Komadre! Ta ji! Ta saurara!" Muka rungume juna muna tsalle kamar ba tsofaffi ba. Sai wayar ta yi ƙara. Sunan Yirlesa ne, muryar ba tata ba ce.

Wata 'yar Ecuador ce, daga sansanin da ke ƙarshen kurmin. Ta ce tare suka yi tafiya. A wani mashigi Yirlesa ta miƙa mata jakarta da wayar a ciki, ta shiga. Ruwan iya ƙugu ne. Ta zame sau ɗaya, ta yunƙura, ƙafafun suka ƙi tasowa. Matar ta ce, "Mama, yanzu na sa wa wayar caji na ji saƙonki. Ki yafe mini."

Babu gawa. Muka yi addu'ar kwana tara a gaban hoto. Labari ya zaga, har baƙi suka fara tambayar takalmi mai huji, cinikin Arnulfo ya ja baya.

A rana ta tara ya shigo, hula a hannu. Ya yi ta'aziyya, ya sha kofi. Sannan ya matso kusa da Eufemia ya rage murya.

"Doña, ba don lokacin ya dace ba... wace irin ƙusa ce kike sawa? Na gwada da wuƙa, sai robar ta yage."

Na miƙe da tulun kofi a hannuna, kuma da niyyar sheƙa masa na miƙe. Eufemia ta kama mini zane. Ta dube shi har ya sunkuyar da kai.

"Inci huɗu. Ka bari ta yi ja. Huji huɗu kowane gefe, dab da tafin ƙafa." Ta numfasa. "Na yara ma ka yi musu, Arnulfo. Yanzu tashi ka fita mini daga gida."