Kaset Ɗin Da Ya Tsinke a Rawayya

Yanzu idan aka kira ku biki, kwamfuta ɗaya kuke ratayawa a kafaɗa, da ɗan filashi a aljihu. Waƙa ta ɓace, ku sauko da wata ta waya. Mu a lokacinmu a-kori-kura muke cikawa: akwatunan lasifika huɗu, amfilifaya, dek mai baki biyu, janareta, da jakar kaset wadda ƙato ɗaya ba ya ɗauka shi kaɗai. Kuma kowane kaset guda ɗaya ne. In ya lalace, ya tafi ke nan.

Jiya na ji ku a bakin shago kuna gardama, wai wa ya kamata 'yan rawa su girmama, dije ko kiɗan da yake sakawa. Na yi dariya, domin mun yi wannan gardamar tun ba a haifi wasunku ba. Akwai wata rana a Rawayya da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma ita ce ta kashe mana gardamar.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Gusau ta cika da sababbin ma'aikata, bukukuwa sun yi yawa, Alhajin da muke wa aiki ya sayi kayan sauti yana bayarwa haya. Ni ne mai kula da na'ura. Aikina in haɗa wayoyi, in goge kan dek da auduga da sifirit, in tsare jakar kaset. Mai saka kiɗa da riƙe makirufo kuwa Lawali ne, mutumin Tsafe, dogo, mai murya kamar ta ɗan kamasho a tasha.

Ni a Kumasi na koyi gyaran rediyo. Daga nan na yi Legas, na yi Duwala, na yi Yamai, kuma duk inda na zauna sai na ɗauki harshen mutanen wurin na ɗauki kiɗansu. Rabin kaset ɗin jakar nan nawa ne na kaina. Saboda haka ra'ayina a fili yake: kiɗa shi ne komai. A Duwala na ga matasa suna ɗaga mai saka faifai sama suna ihun sunansa, alhali ba wanda ya san sunan mai jitar da ya sa su gumi. Abin ya ba ni haushi a can, ya kuma biyo ni gida. Lawali kuwa ba ya barin waƙa ta yi numfashi. Da ta fara daɗi sai ya rage murya ya hau kiran sunayen mutane.

"Lawali, ka bar mutane su ji abin da suka zo ji mana," nakan ce.

"Malam Na-Kumasi," haka yake kirana, "in kiɗa kaɗai aka so, kowa shi zamna ɗakinai da rediyo. Mi ya sa suka kiranmu? Ni suka so!"

"Kai suke so? Cire kaset ɗin ka tsaya kai kaɗai mu gani."

"Kai ma aje kaset ɗin bisa tabarma, mu ga ko shi tashi shi yi rawa."

Haka muke yi a mota, haka muke yi wajen cin tuwo. Alhaji har ya gaji da raba mu.

Bayan kaka aka ɗauke mu wunin mata a Rawayya, ta ƙasar Bunguɗu. Mun isa da hantsi, aka ba mu gindin wata darbejiya a gefen filin da aka kewaye da zana. Ina cikin jan waya sai wata dattijuwa ta zo ta tsaya a kaina, da ƙunshi a hannu. Aka ce mini Inna Kulu ce, uwar amarya. Ta kwance ƙyalle, ta kwance wani a cikinsa, sai ga kaset wanda takardar jikinsa ta yi ja don tsufa.

"Malam, wanga shi za ku sa min bayan la'asar," ta ce. "Kiɗan maigidana ne, marigayi Bube mai kalangu. Akwai takena ciki."

Ga waɗanda ba su sani ba a cikinku, take wani ɗan gajeren kiɗa ne da makaɗi ke yi wa mutum shi kaɗai. Ko a cikin taro, da mai shi ya ji ya san da shi ake. Wata ƙanwar Inna Kulu ta ja ni gefe ta ƙara mini bayani. Bube ya yi wa matarsa alkawari cewa ranar auren autarsu, wato amaryar nan, shi da kansa zai buga mata takenta ta taka. Bai kai ba. Tun rasuwarsa Inna Kulu ba ta sake ɗaga ƙafa da sunan rawa ba. Wani ɗan'uwansu ne ya taɓa ɗaukar kiɗan da rediyo a wani biki a Tsafe, kuma ban da wannan kaset ɗin babu inda hannun Bube ya rage a duniya.

Na san halin kaset da ya daɗe a adaka. Zaren yana mannewa. Sai na zura biro a ramin, na juya shi a hankali daga farko har ƙarshe don ya saki jiki. Ya tafi lafiya. Na sa shi a dek, na miƙa wa Lawali abin ji na kunne don ya nemo inda taken yake. Yana saurare yana kaɗa kai, sai na ga fuskarsa ta canza. Na buɗe dek da sauri. Zaren ya naɗe a jikin robar da ke jansa, ya cukurkuɗe, ya tsinke.

"A ina ya yanke?" na tambaye shi.

"Cikin taken," ya ce. "Tsakiyarshi."

Wannan ne karo na farko da na ji Lawali ya yi magana a hankali.

Ban gaya wa Inna Kulu ba. Na aika aka karɓo mini jan farce wajen ƙawayen amarya, suna ta dariya wai ko ni ma kwalliya zan yi. Na kwance kaset ɗin a kan murfin amfilifaya. Wurin da ya cukurkuɗe ba ya gyaruwa, dole na sa reza na yanke kamar tsawon yatsa na zubar. Na haɗa bakunan biyu, na ɗiga jan farce a bayan zaren, na danne, na jira ya bushe. Irin wannan ɗinki sau ɗaya ko biyu yake jure wucewa ta na'ura, don haka dole a kwafe shi tun a jin farko. Sabon kaset kuwa babu, kuma babu mai sayarwa kusa.

Na buɗe jaka na daɗe ina kallo. Wanda zarensa ya fi kowanne kyau shi ne wani da na zo da shi daga Duwala, wanda ko Lawali ba na bari ya taɓa. Na toshe ramukan samansa da takarda don ya karɓi ɗauka, na sa shi a baki na biyu.

"Malam, na Duwala hwa?" in ji Lawali.

"Saurara kawai. Ka riƙe inda ɗinkin yake."

Ɗinkin ya wuce, kiɗan Bube ya hau kan nawa ya shafe shi. Amma matsala ba ta ƙare ba. Inda na yanke, kiɗan yana tsalle. Mai saurare daga nesa zai iya ƙin lura, mai rawa kuwa ƙafarsa a kan bugun take. Tsohuwar da ta yi shekara da shekaru ba ta taka ba, a gaban surukai da dangi, idan kiɗa ya zame mata za ta yi tuntuɓe ko ta tsaya cak. Kuma za ta gane cewa abin da ta adana ya lalace a hannunmu.

Lawali ya mayar da kwafin baya ya saurara, ya sake, ya sake, yana buga yatsa a cinya. Can ya tashi ya tafi bakin zana, ya sa aka kira masa wata mata gajeriya wadda ita ce maguɗiyar gidan. Na hango yana yi mata bayani yana ɗaga hannu, tana gyaɗa kai.

Bayan la'asar fili ya cika. Lawali ya yi abin da ya saba, ya zuba kiɗan zamani, ya kira sunan wannan, ya tsokani waccan, 'yan mata suka yi ta juyi. Sai aka ce uwar amarya za ta fito. Ya ɗauki makirufo ya ce, "Jama'a, kiɗan da za ku ji na marigayi Bube mai kalangu ne. Allah shi jiƙan shi." Aka amsa da amin. Ya kashe makirufo ya ajiye a ƙasa. Ban taɓa ganin ya yi haka ba.

Inna Kulu ta fito tsakiya ta tsaya. Na raɗa masa, "Saki mana." Bai ko kalle ni ba. Yatsansa yana kan maɓalli, idonsa yana kan ƙafafunta. Ta gyara zane. Ta dubi ƙasa. Ta juya kamar za ta koma, 'yan'uwanta suka tare ta. Sai ta ja numfashi, ta ɗan ɗaga diddigen dama. A daidai nan ya saki.

Kalangu ya faɗo tare da ƙafarta. Na ga rawa a ƙasashe da dama, amma wannan ba ta da tsalle ba ta da juyi. Taku ne ƙanana, kafaɗa na bi, idonta a rufe. Tsofaffin wurin suka fara share hawaye da gefen gyale. Ni ina ƙirga bugu a zuciya, ɗinkin yana matsowa. Saura kaɗan a kai wurin, sai Lawali ya ɗaga hannu sama. Maguɗiya ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka, shi kuma ya ja muryar kiɗan ƙasa. Kafin guɗar ta sauka ya mayar da ita daidai kan sabon bugu. Inna Kulu ta ɗan karkata, ƙafarta ta sami kiɗan, ta ci gaba har ƙarshe.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganinsa a ko'ina ba. A al'ada makaɗi ake yi wa liƙi a goshi. To, makaɗin yau ba ya nan. Matan suka duba, suka wuce Lawali, suka wuce ni, suka tafi wajen akwatin lasifikar da kalangun ya fito, suna manna masa kuɗi a fuska. Wata tsohuwa har tana cewa, "Sannu Bube, sannu da aiki."

Na zunguri Lawali. "Ka gani? Goshinka a bushe. Akwati ya fi ka farin jini."

"Bari kawai, Malam," ya ce yana dariya. "Yau katako ya kashe ni."

Na ɗauka na ci gardama. Muna naɗe waya kafin magariba sai ga Inna Kulu. Na miƙa mata kaset ɗinta da kwafin, na buɗe baki zan yi bayani, ta ɗaga mini hannu.

"Na sani," ta ce. "Kiɗan ga na san shi kamar numfashina. Akwai inda yay yi tsalle. Wa ya ɗinke?"

Na ce ni ne, kuma a hannuna ya tsinke.

"Zare ne, ya tsuhwa kamar ni. Allah shi yi ma albarka." Ta juya ga Lawali. "Kai kuma ɗan Tsahe, wa ya hwaɗa ma ka jira ni?"

Lawali ya sosa ƙeya. "Ba kowa, Inna. Na ga ba ki shirya ba."

"Haka Bube shika yi. Ba shi taɓa hwara min kiɗa sai ya ga diddigena ya tashi. Kaset ba ya da ido, ɗana. Da ka sake shi tun ina tsaye, da na koma ɗaki." Ta dafa kansa, ta naɗe kaset biyun a ƙyallenta, ta tafi.

Muka kama hanyar komawa Gusau. Can Lawali ya ce, "Malam, in sa muna na Duwala?" Na kai masa duka da hula, direba yana ta dariya.

Na yi ta tunanin abin daga baya. A Kumasi na ga makaɗa suna bin ƙafar mai rawa, a Yamai ma haka, a nan gida ma haka muka taso muka gani. Da kaset ya zo, sai aikin makaɗi ya rabu biyu. Hannunsa ya shiga cikin zare, idonsa kuma ya rage a waje, sai an sami wanda zai riƙe masa. Ni na shekara ina yabon hannun, Lawali yana yabon kansa, ba wanda ya lura da idon a cikinmu sai da Inna Kulu ta nuna mana. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da matar nan, ina kuma gode wa Lawali, wanda ya rufa mini asiri ranar da zare ya tsinke a hannuna.

Don haka idan 'yan rawa sun tambaye ku wa za su yaba, ku ce su fara sanin sunan wanda ya yi kiɗan, sannan su duba ko mai saka shi yana kallonsu. Daga ranar nan har muka bar aikin, ba mu sake saka kaset ɗin wani gida ba sai mun kwafe shi, ba mu sake sakin kiɗa ba sai an faɗi sunan mai shi, kuma Lawali bai sake yin magana a kan taken kowa ba.