Ranar da Aka Ce Inna Ta Faɗi Sunan Ɗan Farinta

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, akwai rana guda da na san ba zai iya ɗauka ba, wato ranar da aka kai Innarmu gaban jama'a a Abuja, aka sa mata makirfo a baki, aka ce ta faɗi sunan ɗan farinta.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Watari. Yayana shi ne ɗan fari, kuma kun san yadda uwa take da ɗan fari a wajenmu. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ko magana za ta yi masa sai dai ta aiko ni. Shi kuwa tun yana kwaleji zane ya shige masa rai, kullum yana haɗa katun a wata tsohuwar kwamfuta mai zafi kamar kaskon tuya. Shekarun nan ne da taki da man injin ban-ruwa suka gagari kowa, ga gonar tumatir tana neman hannu. Inna ta ce in gaya wa "wancan" ya bar wasan yara ya koma fadama. Ya ce in ce mata ya ji, amma ta daure ta kalli aikin sau ɗaya, in ta gani ta ce wasa ne, ya bari har abada. Yaya kuwa ba ya magana biyu.

Fim ɗin da yake haɗawa labarin wata tsohuwar akuya ne, masifaffiya, mai bin mutanen gari tana yi musu tsiya. Muryar akuyar kuma ta Inna ce. Ni na ɗauka a waya ranar da take faɗa da akuyarmu da ta cinye mata shanyar kuɓewa. Da na nemi izininta, cewa ta yi, "Ku kuka sani, marasa aikin yi."

Kwatsam sai ga fim ya shiga bikin fina-finan katun na ƙasa, aka gayyaci mai zane da mai murya. Inna ta ce ba inda za ta. Sai da Baba ya sa baki ta ɗauki mayafi, aka ce in raka ta. Ni kam tun daga tasha bakina bai rufu ba.

A ɗakin taron aka kashe fitilu, sai ga akuya ta fito da kunne ɗaya a karye, ta buɗe baki: "Wa ya aike ki? Na ce wa ya aike ki, ja'ira?" Ɗaki ya ɗauka. Mutanen da ko "zo" ba su sani ba da Hausa suna ta buga kujera don dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Na rasa gane ko dariya take ɓoyewa ko mu take tara wa faɗa.

Da aka zo raba kyaututtuka, na alƙalai duk suka tafi wa wasu, masu fina-finai sumul-sumul kamar a lasa. Yaya yana ta tafa musu. Saura ɗaya, wadda 'yan kallo suka zaɓa da ƙuri'arsu. Kafin ma a buɗe takarda sai wasu daga baya suka fara rerawa, "Wa ya aike ki, wa ya aike ki!" Ai kuwa mu ne. Ban san sanda na miƙe na rangaɗa guɗa ba, takalmina ɗaya sai wani bawan Allah ne ya miƙo mini daga layin gaba.

Muka hau dandamali mu uku. Mai gabatarwa, wata 'yar kudu mai fara'a, ta ce ta bakin tafinta, "Mama, faɗa wa ƙasa duka sunan wannan ɗa naki." Inna ta kalli sama, ta kalli ƙasa, ta gyara mayafi. Baiwar Allah ta ɗauka tsoron taro ne, ta sake tambaya, har da shafa mata kafaɗa. Hausawan ɗakin tuni sun faɗi da dariya. Wani dattijo ya ɗaga murya, "Ɗan fari ne, ku ƙyale ta, ko za a kwana ba za ta faɗa ba!"

Da tafinta ya yi wa mai gabatarwa bayani, sai ta ce, "To, yaya kika ga aikin nasa?"

A nan dariyata ta ɗauke, don tambayar da ta kawo mu ke nan. Yaya ya sunkuyar da kai. Inna ba ta dube shi ba. Ni ta juyo ta kalla, ta manta makirfo na bakinta, ta ce, "Ki ce wa wancan akuyar tasa ta cika rama. In zai yi wata, ya ƙara mata ƙiba."

Jama'a suka sake kecewa, sun ɗauka raha ce. Ni da Yaya kuwa "in zai yi wata" kaɗai muka ji. Ƙato da gemunsa ya durƙusa a gabanta yana kuka shaɓe-shaɓe, ni ina dariya ina hawaye, ita kuma tana zungurina wai in ce masa ya tashi yana ba ta kunya.

Tun daga ranar na daina auna ƙaunar mutum da abin da bakinsa ya iya faɗa. Wani zai yabe ka a gaban duniya ya manta da kai kafin ya kai gida, wani kuma kunya ta ɗaure masa harshe, amma in ka iya saurare za ka ji albarkar da ya sa maka a cikin faɗansa.