Kifin da Ka Hana Ni a Tafkin Kenyir

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Dakta Muhyiddeen Ubale Yauri a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara arba'in da shida, ya bar matarsa Raudatu da 'ya'ya biyu, Khaulah da Zaid. Bayan La'asar muka yi masa sallah, muka kai shi makwancinsa ana yayyafi.

Yaya Muhyiddeen, tun ranar da ka rasu 'yan uwa ke ta rubutu a kanka, ni kuwa na kasa. Ba don ba ni da abin faɗa ba. Akwai wata magana da na riƙe shekara biyu da rabi ban gaya maka ba, kullum ina cewa gobe, har goben ta ƙare. Na san idan na ɗauki alƙalami sai ta fito, shi ya sa hannuna ya yi nauyi. Yau zan faɗe ta a gaban kowa, tunda a ɓoye na yi laifin.

Ga wanda bai san ka ba, kai ɗan Sarkawa ne, masuntan bakin Kwara. Ka zo ƙasar nan karatun kiwon kifi, ka yi digiri na uku, ka auri 'yar ƙasa, ka zauna. Muna jiran mu ji ka kama koyarwa a jami'a, sai muka ji ka kama jirgi. Wani dattijo mai jiragen haya, Pak Zulkiflu, ya ba ka ɗaya daga cikin jiragensa masu inji a tafkin Kenyir, tafiyar kusan awa shida daga Kuala Lumpur, kana fita da masu sha'awar fatsa kana nuna musu inda kifi yake. Mu ɗaliban da ke zaune a titin Jalan Semarak mun sha yi maka tsiya a shagon shayin da ake kira mamak, muna cewa an tura ka neman ilimi ka ɓuge da gadon gidanku. Sai ka kurɓi shayinka ka ce, har da "lah" ɗin nan da 'yan ƙasar ke rufe magana da ita, "To ku da kuka zo daga inda ba ruwa, me kuka sani, lah?"

Gaskiyarka. Ni Tajuddeen, ɗan Fagge, ruwan da na sani kafin na haɗu da kai bai wuce na famfo da na kwata ba. Ranar da ka fara kai mu tafkin, mu shida, da kaftani na shiga jirgi, har da hula zanna. Ka ƙi tayar da inji sai da kowa ya ɗaura rigar ruwa, ka kuma gargaɗe mu cewa duk wanda ya kama kifi, kada sauran su ruga gefensa ɗaukar hoto. Ko minti ashirin ba a yi ba muka ruga, jirgi ya karkata, hulata ta tafi. Har ka rasu, duk inda muka haɗu sai ka tambaye ni ko kifin da ya ari hulata ya dawo da ita.

A ranar na fara alfahari da kai. Tafki ne mai faɗi, cike da tsibirai da kututturan matattun itatuwa a tsaitsaye cikin ruwa, ko'ina kama da ko'ina, amma kai kana ratsa shi kamar tsakar gidanku. Kana duban launin ruwa ka ce nan babu komai, mu ƙara gaba. Kana kashe inji ka kasa kunne, ka nuna da haɓa, kafin mu waiga sai kifi ya ɓullo shan iska daidai wurin. Na ga Malayawan da aka haifa a bakin ruwan nan suna tsayar da jirginsu su tambaye ka inda za su nufa. Na ga baƙi daga Singafo suna ɗage tafiyarsu domin ranar da kake da sarari. Baƙin mutum daga Yauri, a tafkin wasu, ya zama abin tambaya. Wallahi ranar ƙirjina ya cika.

Babban kifin tafkin shi ne toman. Ka ce mana ɗan uwan tufi ne na gida, sai dai shi ƙato ne, ga haƙora ga faɗa. Idan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan kan dunƙule wuri guda jajir a saman ruwa, uwa da uba suna kewaya su daga ƙasa. Duk abin da ya faɗo kusa da 'ya'yan sai sun kai masa cafka, ba don yunwa ba, don tsaro. Saboda haka babu hanyar kamu mafi sauƙi irin a jefa ƙugiya a tsakiyar jajayen nan, kuma haka da yawa suke yi. Kai ka ce a jirginka ba a yi. Tun a Yauri mahaifinka ya hore ka cewa ba a cire mai tsaron 'ya'ya, kuma karatun da ka yi bai ƙara maka komai a kai ba sai hujja.

To ga maganata. A watan Yunin 2022 matata Fiddausi ta haifa mana ɗan fari. Surukata ta zo wankan jego, gida ya cika da mata, ni kuma kaina ya cika da iska. Na shiga zauren ɗalibanmu na waya na yi shelar cewa ranar suna, bayan rago, za a sha farfesun toman da uban jariri ya kamo da hannunsa. Na ɗauki hayar jirginka na kwana biyu. Wunin farko ko taɓa ƙugiyata ba a yi ba. Rana ta biyu ma haka, har rana ta take. Ina ta tunanin dariyar da za a yi mini a Jalan Semarak, sai ga jajayen nan sun taso a wani lungu, tazarar jifa ɗaya, ga inuwar uwar a ƙarƙashinsu, tsawonta ya kai hannuna. Na ɗaga sanda zan wurga, ka riƙe ta.

"Tajuddeen, ban da wannan."

"Haba Yaya, guda ɗaya fa! Nan ba Yauri ba ce."

"Ruwa duk ruwa ne. Sauke."

Na sauke, amma na faɗa maka maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce da kana da wayo da ba ka ƙare a direban kwalekwale da digiri uku ba. Ka tayar da inji a hankali don kada ka firgita su, ka kai ni gaɓa. Na ƙi shiga motarka, na nemi bas.

Wannan duk ka sani. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, a cikin bas ɗin na kira Pak Zulkiflu. Na ce masa ka ɓata mini kwana biyu, ka fizge sanda a hannuna, kuma ba zan sake kawo masa ko mutum ɗaya ba. Ban san cewa dama wasu baƙi sun sha kai masa kuka a kan dokar nan taka ba, har ya ce maka saura ƙara ɗaya. Tawa ce ta cika. Ya karɓe jirgin.

Ranar suna, ana tsakiyar rabon abinci, sai ga ka da akwatin ƙanƙara a kafaɗa. Ashe bayan tafiyata ka ari kwalekwalen wani, ka ƙara kwana biyu a ruwa, ka kamo manyan toman guda biyu a sarari, inda babu 'ya'ya. Ka ajiye a gaban mutane ka ce, "Ga kifin uban jariri." Aka yi ta yaba mini, ni kuma na yi ta karɓar yabo.

Wata huɗu ka yi ba jirgi. Wata rana na je sayen kayan miya a kasuwar Chow Kit, na hango ka a rumfar wani mai kifi, da takalmin roba, kana kankare ɓawo kana fiɗa. Na so in zame, ka riga ka gan ni. Ka yi mini faram-faram, ka tambayi jaririn, ka ƙulla mini kan kifi a leda ka ce a yi wa mai jego. Na tambaye ka me ya faru da jirgi, kamar ban sani ba. Ka ce hutu kake yi. Ban taɓa ganin mutumin da aiki ƙarami ya kasa ƙasƙantar da shi kamar kai ba a ranar.

Daga baya Pak Zulkiflu da kansa ya zo har gidanka a Titiwangsa ya roƙe ka ka koma, domin tsofaffin baƙinsa sun ce in ba kai ba sun fasa. Ka koma da sharaɗi ɗaya, dokarka tana nan. Ranar jana'izarka na gan shi, ya taso tun daga tafkin da matuƙa jirgi bakwai, fuskokinsu duk rana ta ƙona. Ya riƙe hannuna ya ce yanzu a dukkan jiragensa babu mai jifa a kan 'ya'ya, kuma lungun nan da ka hana ni jifa suna kiransa da sunanka, lungun Dakta Din.

Ranar uku, ni da Fiddausi muka je gaisuwa wajen Raudatu. Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce da Hausarta da ta koya a bakinka, "Ya sani, lah. Tun ranar Pak Zul ya faɗa masa." Na tambaye ta me ka ce. Ta ce cewa ka yi, "A bar Tajuddeen. Sabon uba ne, bai san yadda ake tsaron ɗa ba tukuna, zai koya." Nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Shekara biyu da rabi kana zolayata da zancen hula, kana ɗaukar ɗana a kafaɗa, ashe duk ka sani.

Yaya, ka yafe mini tun ban roƙa ba, amma ga shi na roƙa. Ka ƙi yarda a mayar da 'ya'yan kifi marayu ko da hakan zai raba ka da abincinka, yau ga Khaulah mai shekara tara da Zaid mai shekara biyar, Mai kowa Ya ɗauke mai tsaronsu. Ba ma ja da hukuncinSa. Amma na koya, kamar yadda ka ce zan koya. Muddin ina numfashi, ko ina ƙasar nan ko na koma Kano, ina kewaye da su.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Raudatu da yaranta, ga mahaifiyarka Hajiya Halimatu da dukkan dangi a Yauri, ga Pak Zulkiflu da matuƙan Kenyir, da 'yan uwa Hausawa mazauna Kuala Lumpur. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya tsare maka abin da ka bari kamar yadda ka tsare na wasu. Amin.

Tajuddeen Ado Fagge
Jalan Semarak, Kuala Lumpur