Sandar Baffa

Ni na kai sandar nan Jakara da ƙafata, ba wanda ya aike ni. Abin da yake cin raina ke nan har yau.

Baffa, mahaifina, makiyayi ne tun yana yaro, kafin ya sayar da shanun ya zauna a Goron Dutse. Da idonsa ya tafi, sandar kiwonsa ce ta rage masa. Da ita yake zuwa masallaci shi kaɗai, kuma kar Allah ya sa ka ce za ka riƙe masa hannu, ranar sai ka sha faɗa. Ni kuwa kunya take ba ni. Ta yi baƙi ƙirin, duk ƙulli da tabo, a ce wai uban malamar makaranta ne da wannan abu!

Na ji labarin wani kafinta a unguwar Jakara mai injin yi wa ƙafar gado ado. Ranar wata Asabar, Baffa ya kwanta bayan azahar, na zare sandar na fice, ina ta murna zan ba shi mamaki.

Kafintan dattijo ne. Ya juya ta a hannu ya ce, "Malama, wannan fa ta sha hannu. Mai ita ya sani?"

Na harare shi. "Malam, aiki na kawo maka ko tambaya?"

Ya maƙale ta tsakanin ƙarafa biyu, ya kunna injin, ya fara murza wani hannu a gefe. Sandar tana juyawa a hankali, bakin injin yana bin ta yana ci.

Inna lillahi! Ni shafa-shafa na zata za a yi mata. Sai ga baƙin nan yana zuba ƙasa kamar dusa, fari fat yana fitowa, a murɗe kamar igiya. A sama akwai wani ɗan gurbi da babban yatsan Baffa ya yi don tsabar riƙo. A kan idona bakin injin ya isa wurin, ya wuce, babu shi. Na yi ihu, "Tsaya! Don Allah tsaya!" Ƙara ta hana shi ji. Kafin ya kashe, an ci fiye da rabi.

Ya dube ni ya ce, "To, yanzu a bar ta haka, ko a ƙarasa?"

Me zan ce? Aka ƙarasa. Wallahi ta yi kyau, shi ne ma abin takaicin.

Na dawo ana kiran la'asar. Na tarar da Baffa a durƙushe yana lalube bayan ƙofa, inda yake jingine ta. Na sa masa ita a hannu. Ya shafa ta daga sama har ƙasa, yatsansa yana ta neman wurinsa. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya ƙwanƙwasa ta a ƙasa, ya kasa kunne. Ƙarar ma ba ita ba ce.

"Kai, wannan ta sha aiki," in ji shi. "Mayar wa mai ita, ki miƙo mini tawa, za a tayar."

Na ce, "Baffa, ita ce."

Da aka tayar da iƙama, sai ya jingine ta a bango, ya miƙo mini hannunsa.