Kwalaben Mukhtaru

Yayana Mukhtaru ba ya faɗa, ba ya zagi, shi ya sa ake raina shi. A unguwar Misfala ta Makka aka haife shi, tare suka tashi da Talal, ɗan maƙwabtanmu mai daɗin baki. Su biyun suka haɗa wani inji a warsha, wato shagon ƙere-ƙere, bayan unguwar Kudai, yana gasa ƙwallon dabino ya ba da gas ɗin da ke tada janareto.

Awon kwalta shi ne aikin Mukhtaru. Gas ɗin yana fitowa da kwalta a cikinsa, in ta yi yawa sai ta toshe janareto. Yakan bi da shi ta jerin kwalabe masu ruwan magani, ya nutsa su cikin ƙanƙara, don sai da sanyi kwaltar ke kwantawa. Sannan ya ƙafar da ruwan, ya ɗora abin da ya rage a sikeli. A zafin Makka kuwa, kafin ka juya ƙanƙara ta zama ruwa, don haka a gindin kwalaben yake wuni yana ƙara ta.

Da wani attajiri ya nuna sha'awar injin, Talal ya ture yayana gefe, ya ce ai ɗan wankin kwalba ne kawai. Wallahi ranar har kuka na yi don takaici. Mukhtaru kuwa ya ɗauki takalminsa ya bar masa warshar.

Ran sunan ɗiyata sai ga Talal, marar kunya, yana nuna wa Mukhtaru hoto a waya.

"Ka gani, ya sheikh? Tun da ka tafi kwaltar ta ragu. Dubi kwalabe fes."

Mukhtaru ya duba. Kwalaben suna iyo a ruwa, ba ko ɗigon ƙanƙara. Kwaltar ba raguwa ta yi ba, wucewa take yi zuwa janareto. Ya miƙa masa wayar, ya ce, "Mabruk," wato barka.

Ranar da attajirin ya zo kallo, janareto ya yi tari ya mutu. Aka buɗe, kwalta ta daskare ciki kamar maɗi. Mutumin ya shiga motarsa ya tafi.

Talal ya zo har gida wurin Mukhtaru. "Ashe ka sani?"

"Na sani."

Ni dai na ce Allah ya ƙara, kuma har gobe ina faɗa. Mukhtaru bai taya ni ba. Da hannunsa ya ƙera injin nan, ga shi an sayar wa masu gwangwan. Yanzu bas yake ja a Kudai, in hanya ta biyo ta ƙofar warshar, zagayewa yake yi.